Yaro ya amayar da macijin ciki: ina haɗarin yake, kuma yaushe ba a ba da magani a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara biyar ya kwana biyu yana zazzaɓi, a rana ta uku ya yi amai sai ga wata doguwar tsutsa da ranta tana motsi. Dama can yaron ba ya ƙiba, ga tumbi, ga yawan kukan ciwon ciki wajen cibiya. Kakarsa ta ce shan zaƙi ne ya jawo, maƙwabciyata kuma ta ce kowa na da ita, wai in babu ita ma abinci ba ya narkewa. Abin yana da haɗari? In sayo masa magani a kemis ko in kai shi asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba shi lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe. Kafin ki ba shi komai, ki duba cikinsa. Idan ya kumbura ya yi tauri, yana murɗa masa ya lafa ya sake murɗawa, yana ta amai musamman kore, kuma ya daina bayan gida da tusa, to kada ki ba shi maganin tsutsa, kada ki ba shi abinci ko jiƙo. Ki wuce da shi asibitin da ake tiyata. Haka nan idan farin idonsa ya koma kalar shawara, ko ciwon ya tsaya a saman ciki ta ɓangaren dama yana sa shi birgima. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, yana ci yana sha, to hankalinki ya kwanta. Amma duk da haka ki kai shi a duba shi, saboda zazzaɓin. Babbar tsutsa da ke zaune a hanji ba ta cika kawo zazzaɓi ba. Zazzaɓin ne ya dame ta, ta bar mazauninta ta hauro sama. Don haka a yi masa gwajin maleriya, a duba ko taifod ce, kada ganin tsutsa ya ɗauke hankali daga ainihin abin da ya kwantar da shi.

Abin da kika gani macijin ciki ne, wanda likitoci ke kira Askaris. Shi ne mafi girma a cikin tsutsotsin hanji masu jiki mulmulalle. Macen takan kai santimita 20 zuwa 35, namijin bai kai ta ba, kuma za ki gane shi da lanƙwasar wutsiya. Mazauninsu ƙaramin hanji ne. Ba sa cizo, ba sa shan jini, ba sa maƙalewa a bango. Suna zaune ne a cikin abincin da ke wucewa, suna turjewa kada ya tafi da su, har tsawon shekara ɗaya zuwa biyu. Mace guda tana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana.

Akwai abu guda da in kin riƙe shi, sauran bayanin duk zai zo miki da sauƙi: wannan tsutsa ba ta hayayyafa a cikin mutum. Duk yawan ƙwan da take zubawa, ko ɗaya ba ya ƙyanƙyashewa a hanji nan take. Dole sai ya fita cikin bayan gida, ya samu ƙasa mai danshi da inuwa, ya yi mako biyu zuwa uku yana nuna, sannan ya zama mai cutarwa. Ma'ana, kowace tsutsa guda da ke cikin yaro, ƙwai guda ne ya haɗiye. Wanda ke da biyar ya haɗiye aƙalla biyar, wanda ke da ɗari biyu ya haɗiye aƙalla ɗari biyu, yau kaɗan gobe kaɗan. Kuma lokacin da ƙwan ya nuna, kashin da ya zo da shi ya riga ya bushe ya bi ƙasa, babu wari babu alama. Tsakar gidan da aka share tas na iya ɗauke da shi. Ɓawonsa mai kauri ne mai danƙo, yana iya shekaru a ƙasa da ransa, kuma sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe shi.

To ki faɗa wa Hajiya kakarsa cikin ladabi cewa sukari ba ya rikiɗa ya zama tsutsa. Sai dai ba ta yi nisa da gaskiya sosai ba: alewar da ta faɗi ƙasa aka ɗauka aka hure aka mayar baki, da ɗan yatsa mai danƙon zaƙi da ya dafa ƙasa, duk hanyoyi ne.

Bayan an haɗiye ƙwan, mutum zai zaci ɗan tsutsar zai zauna nan hanji ya girma. Ba haka yake yi ba. Yana ƙyanƙyashewa sai ya huda bangon hanji ya shiga jini, jini ya kai shi hanta, daga nan zuciya, daga nan huhu. A huhu yakan yi kwana 10 zuwa 14, sannan ya fasa ya shiga hanyar iska, ya hauro maƙogwaro, a haɗiye shi tare da yawu ba a sani ba, ya sake komawa hanjin da ya baro. Daga haɗiye ƙwai zuwa lokacin da sabuwar mace za ta fara zuba nata, wata biyu zuwa uku ne. Wani likita ɗan Japan mai suna Shimesu Koino ya tabbatar da wannan zagaye a jikinsa a 1922. Da gangan ya haɗiye ƙwai 2,000, ya kwanta da ciwon huhu mai tsanani, ya ga 'ya'yan tsutsar a cikin kakinsa, daga baya ya sha magani ya fitar da tsutsa 667. Ba na ba kowa shawarar irin wannan neman ilimi, amma mun ci moriyarsa.

Wannan ratsawa ta huhu ita ce matsala ta farko. Idan 'ya'yan tsutsar na da yawa, mutum kan yi busasshen tari, ƙirji na shaƙewa da ƙara kamar mai asma, da ɗan zazzaɓi, wani lokaci da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Yawanci yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Abin da ke rikita ma'aikatan lafiya shi ne, a wannan mataki gwajin bayan gida ba ya nuna komai, domin babu babbar tsutsar da ta fara ƙwai tukuna. Sai dai gwajin jini ya nuna wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ke tashi idan jiki na faɗa da tsutsa ya yi yawa.

Yanzu batun maƙwabciyarki. Tsutsa ba ta taimaka wa narkewar abinci ko kaɗan. Gaskiyar da ke cikin maganarta ita ce abin ya yaɗu ƙwarai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan ɗaya da rabi ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya. Ba ta bar sarakuna ba ma. Da aka tono ƙasusuwan Sarkin Ingila Richard na Uku a birnin Lesta a 2012, an samu ƙwan macijin ciki a ƙasar da ke daidai ƙugunsa. Kuma gaskiya ne babba mai ƙoshi da ke ɗauke da tsutsa biyu ko uku ba zai ji komai ba. Amma yaro ɗan shekara biyar ba babba ba ne. Tsutsar na rage masa sha'awar abinci, tana lalata shimfiɗar hanjin da ke tsotsar abin gina jiki, mai, da bitamin A, har madara ma takan daina karɓarsa yadda ya kamata. Idan dama abincin gidan da ƙyar yake isa, sai a wayi gari yaro ya tsumbure, ga tumbi ga siraran hannuwa, ga kasala a makaranta. Wannan ɓarna ta ɓoye ta fi ta tiyata yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba ta sa a ruga asibiti, shi ya sa ba a lissafa ta. Ina dai jan hankalinki kada ki ɗora duk ramar yaron a kan tsutsa. A auna nauyinsa da tsawonsa, a duba jininsa, a kuma dubi abin da yake ci.

Babban haɗarin da muke tsoro a yara shi ne toshewar hanji. Hanjin yaro siriri ne, tsutsar kuwa girmanta ɗaya ko a cikin wa take. Idan suka yi yawa sai su cukuikuye da juna kamar taliyar da ta kwana a tukunya, su tsaya a ƙarshen ƙaramin hanji inda ya fi ƙunci. Wani lokaci har ana iya taɓa dunƙulen ta saman fata. Idan toshewar ba ta cika ba, a asibiti akan hana ci da sha, a sa ƙarin ruwa, a zura roba ta hanci don rage iska da ruwan da suka taru, sau da yawa dunƙulen ya warware da kansa, sannan a ba da magani. Idan ta cika, ko nauyin dunƙulen ya sa hanjin ya murɗe, ko wani sashe ya zurma cikin wani, jini ya daina isa wurin, to hanjin zai mutu ya ɓule, kuma babu makawa sai an buɗe ciki, wani lokaci a yanke sashen da ya lalace. Dalilin da ya sa na ce kada a ba da magani idan ciki ya riga ya kumbura ke nan. Maganin da zai sandarar da tsutsa ɗari a lokaci guda a cikin hanjin da ya kusa toshewa yana iya ƙarasa toshe shi.

A 1963, a wani asibiti da ke garin Jonju na Koriya ta Kudu, an ciro tsutsa 1,063 daga cikin wata yarinya 'yar shekara tara, kuma ba ta rayu ba. Labarinta ya girgiza ƙasar. Binciken ƙasa da suka yi a 1971 ya nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na jama'arsu na ɗauke da wata tsutsar hanji. Suka shiga karɓar bayan gidan 'yan makaranta sau biyu a shekara ana gwadawa ana ba da magani, aka daina zuba kashin mutum a gona a matsayin taki, aka gina masai. Yau macijin ciki ya kusa ɓacewa a can. A 2017 kuwa, da wani sojan Koriya ta Arewa ya tsallako iyaka da raunukan harbi, likitocin da suka yi masa tiyata sun ci karo da tsutsotsi a hanjinsa, wata ta kai santimita 27. Jama'a ɗaya ce, yanayi ɗaya, masai da taki suka raba su.

Haɗari na biyu ba ya buƙatar yawa, tsutsa guda ta isa. Macijin ciki na da ɗabi'ar cusa kai cikin duk wata ƙaramar kafa da ya samu, musamman idan zazzaɓi, ko yunwa, ko maganin sa barci na tiyata ya tayar da shi. Yakan shiga bututun da ke kawo ruwan matsarmama daga hanta, ya haddasa ciwo mai tsanani, shawara, ko ƙurji a hanta. Idan ya mutu a ciki, gawarsa da ƙwansa kan zama tushen da tsakuwa ke taruwa a kai. Yakan toshe bututun gaɓar da ke samar da insulin ta kumbura, yakan kuma shiga afendis. Wannan nau'i ya fi samun manya, musamman mata, kuma likitocin yankin Kashmir na Indiya sun yi rubutu mai yawa a kansa saboda yadda ya addabe su. Da hoton sikanin ake ganinsa, wani lokaci a ga tsutsar na motsi a cikin bututun. A wurarenmu da taifod ke ɓula hanjin yara, likitan tiyata kan buɗe ciki ya tarar tsutsar ta bi ta ɓular ta fito. Ga kuma wadda ke haurowa maƙogwaro, irin ta ɗanki. Fitowarta ta baki ko hanci abin tsoro ne a ido amma ba shi da illa, sai dai ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, inda za ta iya faɗawa hanyar numfashi.

Ya kamata ki san ba ita kaɗai ba ce, kuma a ƙasar Hausa ba lalle ita ce kan gaba ba. Ƙwan macijin ciki na son danshi, zafin ƙasa mai tsanani da bushewa na kashe shi, shi ya sa ya fi yawa a kudancin Najeriya fiye da can arewa da Nijar. Inda yake samun mafaka a wajenmu shi ne damina, inuwar tsakar gida inda ake zubar da ruwa, unguwanni masu cunkoso da kwata a buɗe, da lambunan gefen birni da ake ban-ruwa da ruwan magudana. Wadda ta fi jure yanayinmu ita ce tsutsa mai ƙugiya, don 'ya'yanta kan nutse cikin ƙasa su tsere wa rana. Ita yawanci ba ta baki take shiga ba, fatar ƙafa take hudawa idan an taka ƙasa ba takalmi. Tsawonta kusan santimita ɗaya ne, ba za ki gan ta a fo ba, amma tana kafa baki a bangon hanji tana shan jini dare da rana. Ita ce ke bayan ƙarancin jini a yara da manoma da masu juna biyu da yawa, kuma ƙarancin jinin kan sa mutum kwaɗayin cin ƙasa, cin ƙasar ya ƙaro wata tsutsar. Masu ciki da ke cin farar ƙasa su lura da wannan.

Akwai mai kama da bulala da ke zama a babban hanji, wadda in ta yi yawa take sa gudawa da jini da majina, har baya ya fito wa yaro a yi ta yi masa maganin basir. Akwai 'yar ƙarama fara mai sa ƙaiƙayin dubura da dare, ita kam daga hannu zuwa hannu take yawo, don haka gida duka ake ba magani a maimaita bayan mako biyu. Tsila daban ce, daga naman da bai dahu ba ake samunta, maganinta ma daban.

Akwai wata da ta saɓa wa ƙa'idar da na faɗa miki ta cewa tsutsa ba ta hayayyafa a cikin mutum, ana kiranta Sitiranjiloidis. Ita tana iya sabunta kanta a cikin mutum shekara da shekaru ba tare da ya sake ɗauka ba. Garkuwar jiki ce ke danne ta. Ranar da aka karya garkuwar da magunguna irin su dekzametazon da firedinisolon, sai ta bazu zuwa huhu da jini har da ƙwaƙwalwa, kuma da yawa ba sa tashi. Na kawo wannan ne saboda kin ce yaron ba ya ƙiba, kuma na san irin shawarar da ake ba iyaye a kan haka. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa barkatai, irin su sha-ka-fashe, da yawansu wannan sinadari ne a ciki. Kada ki kusance su, ko don shi ko don kanki.

Maganin macijin ciki kuwa yana cikin mafi sauƙi da araha a duk aikin likita. Albendazol, wanda aka fi sani da Zentel, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 sau ɗaya ga wanda ya kai shekara biyu zuwa sama, rabinta ga ɗan wata 12 zuwa 23. Ko mebendazol, wato Vermox, miligiram 500 sau ɗaya, ko 100 safe da yamma kwana uku. Kowannensu na kashe macijin ciki a sama da mutum tara cikin goma. Ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi sai da umarnin likita. Ƙananan yara a daka musu ƙwayar a dama da ruwa kaɗan, kuma kada a danne yaro yana kuka a tura masa, don yana iya shaƙewa. Bayan ya sha za ki iya ganin tsutsa a bayan gidansa na 'yan kwanaki, za ki iya kuma ƙin gani, duk ba matsala. Sai dai sha ɗaya bai cika gamawa da mai kama da bulala ba, Sitiranjiloidis kuma wani magani mai suna ibamektin take ji. Amfanin gwajin bayan gida ke nan ga yaro irin naki mai rama: a san su wane ne a ciki. Maganin kuma ba ya taɓa 'ya'yan da ke kan hanyarsu ta huhu, don haka likita na iya cewa a sake gwaji ko a maimaita bayan wata biyu zuwa uku. 'Yan'uwansa da ke wasa a ƙasa ɗaya da shi, a ba su su ma. Kananzir da wasu ke ɗura wa yaro wai ya kashe tsutsa guba ne, ɗigo kaɗan ya shiga huhu ya isa ya hallaka shi.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Maganin na share hanji, ba ya share tsakar gida. A wuraren da cutar ta yi katutu, an sha gani cewa shekara guda bayan an ba kowa magani, yawan masu ɗauke da ita ya koma kusan inda yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba yara sau ɗaya a shekara inda kashi 20 cikin ɗari ko fiye ke ɗauke da ita, sau biyu inda ta kai kashi 50, ba tare da jiran gwaji ba. Manufar ita ce kada tsutsar ta taru ta kai yawan da zai tsumburar da yaro ko ya toshe masa hanji. Idan an zo rabawa a makaranta ko a makon lafiyar mata da yara, ki bari ya karɓa, ki tabbatar ya karya kumallo. Ɗan tashin zuciya ko ciwon ciki da wasu ke yi yakan wuce a ranar.

Abin da ke yanke zagayen shi ne kashi ya daina taɓa ƙasa. A nan kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne ɗaukar kashin ƙaramin yaro a matsayin abin da ba shi da illa, a bar shi ya tsuguna a gefen rariya, a kwashe da tsintsiya a watsa bola, a wanke masa gindi ruwan ya bi tsakar gida. Alhali yara ne suka fi kowa yawan tsutsa, kashinsu ya fi na manya ƙwai. A saba masa da fo, a juye a masai, a yi masa tsarki inda ruwan zai tafi rami. Musulunci ma ya yi kashedi mai tsanani kan yin bayan gida a hanyar mutane da inuwar da suke zama. Kuma abu ne mai yiwuwa a matakin gari: a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili.

Wanke hannu da ruwan buta kawai ba ya cire ƙwan saboda danƙonsa, sai da sabulu da cuɗawa, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe shi. A yanke masa farce. Latas, kabeji, karas, yalo da tumatirin da za a ci ɗanye, jiƙa su a ruwan gishiri bai wadatar ba. A cuɗa su ganye-ganye a ruwa mai gudana, a fere abin da ke feruwa. Abin da aka dafa kuwa babu damuwa, zafi na kashe ƙwan nan take. Takalmi ba ya hana macijin ciki, amma yana tare mai shan jini, don haka a sa masa, musamman da damina da lokacin shiga masai.

Ke ma ki sha, tunda hannunki ne ke wanke shi. In kina da juna biyu, ki bari sai cikin ya wuce wata uku, ki karɓa a wajen awo tare da ƙwayoyin ƙarin jini.